Malam Nu'uman da Faifan Yashi

Faɗana da Malam Nu'uman a kan faifai aka fara shi. Ba kuma faifan banza ba. Na rinanniyar kaba ne, ja da baƙi, na ɓata ido da yatsu a kansa don gudunmawar bikin 'yar maƙwabciyata. Na ɗora shi a bakin randa na shiga ɗaki, na fito ban gan shi ba. Na zagi kaji, na zagi akuya, na koma kan yaran gida. Sannan surukata ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ta ga jikata Yelwa ta fita da shi a ka, wai sabon malamin aji ɗaya ya ce kowa ya zo da abu mai faɗi daga gida.

Na yafa gyale na nufi makaranta. Makarantar garinmu Tudun Fannami ɗaki biyu ce da inuwar bishiyar maina, kuma a inuwar na same su. Yara zube a ƙasa, kowa da abin da ya sato wa uwarsa: murfin samira, tsohon tire, gutsuren ƙwarya, duk an cika su da yashin kogi. Ga Yelwa a tsakiya, ta jibga yashi a faifaina, tana jan yatsa a ciki, harshe a waje.

Malamin ya taso da sauri, dogo siriri, hular kansa ta yi masa yawa. Ya ce sannu da zuwa Iya, na ce ya riƙe sannunsa. Na tambaye shi ko gwamnati ce ta turo shi ya kwashe kayan ɗakin mata, ko kuwa a can garinsu Haɗejiya da faifan fura ake ɗiban yashin gini. Ya ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai faɗa musu tsoho za su kawo ba. Ya zazzage yashin ya miƙo mini, amma ai aikin gama ya gama, yashi ya shiga kowane zagayen saƙa.

Ina cikin karkaɗe shi sai idona ya faɗa kan abin da yake yi. Ya durƙusa gaban wani yaro, ya shafe yashin da tafin hannu ya yi sumul, sannan ya sa kan yatsa yana ɗiga ɗigo-ɗigo a jere, yaron ya bi ya haɗa su. Nan na manta da faifai.

"Ɗan nan, ka san da me abin nan ya yi kama?"

"Da harafi, Iya."

"Da bugun ƙasa ya yi kama. Haka masu duba suke yi, a shafe a ɗiɗɗiga. Ka kai wa Liman ya gani tun kafin wani ya kai masa labari."

Ya yi dariya har hular ta zame. Ya ce shi da ya tashi a gidan da ko sunan mai duba ba a ambata. Na jefa wa Yelwa faifan, tunda dai ya riga ya lalace, na ce masa ni ban ce kai mai duba ba ne, na ce ka yi kama. Bai ji bambancin ba, kuma rashin jin nan ne ya ci shi.

Sai in faɗi abin da ya sa na damu da yaron mutane. Aji ɗaya a garinmu ya yi shekaru babu malami. Duk wanda aka turo, da ya ga sai an bi ta cikin ciyawar kacalla da laka kafin a iso, damina kuma sai da jirgin ruwa, sai ya nemi canji. Ƙananan yara sai su zauna a bayan ajin hedimasta suna cin ƙuda, su girma su fita ba su iya jan sanda miƙaƙƙiya ba. Da ƙyar aka samu na ofis suka turo Nu'uman wajen ƙarshen rani, da sharaɗi kuma: in ajin ya cika a bar mana shi, in ya zama fanko a kai shi inda ake buƙata. Kowa a garin ya san da wannan.

Shi ɗan cikin garin Haɗejiya ne, ubansa mai gyaran taru ne a bakin kogi. Daga baya, da muka saba har yana zuwa shan fura a ƙofar gidanmu, ya nuna mini ƙaramin yatsansa na dama, a karkace yake kamar ƙugiyar kifi. Ya ce wani malami ne ya sauke masa gefen rula a kai yana ɗan shekara shida, don ya rubuta harafi ya juya masa baya. Daga ranar, in aka miƙa masa fensir hannunsa sai ya ɗauki rawa. Ya kai aji uku yana ɓoye littafi a riga. Ubansa ne, wanda ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, ya lura yaron yana zana kifaye da jirage a rairayin bakin ruwa ba tare da wata rawar hannu ba, ya ce to ya dinga yin aikin makarantar a nan. A nan ya koya. Da ya girma ya je kwalejin malamai ya ji ana faɗin abin da ubansa ya riga ya gane, sai ya riƙe shi gam, kamar shi aka saukar wa.

Sauran malamai suna gudun aji ɗaya saboda majina da fitsari da kuka, shi kuwa roƙa ya yi a ba shi. Matarsa Najwa tana can gida da goyo, yana zuwa mata ranar Juma'a da yamma a kan wani babur da ya fi shi tari.

Kuma gaskiya, aikin ya iya shi. Ba na son yabon mutum, amma abin da na gani na gani. Yana cewa takarda tana tsorata yaro, don in ya yi kuskure yana nan yana kallonsa, in ya goge ta yage, in ta yage a doke shi a gida. Yashi kuwa shafa ɗaya ya manta. Ga shi littafi a garinmu ba ya kwana biyu. In damshi bai ci shi ba, uwar yaro ta ƙunsa ƙuli-ƙuli a ciki, fensir kuma su tauna shi kamar rake. Yashi kogi ke kawo mana shi kyauta har ƙofa.

Ba ya bin haruffan yadda ake rera su. Da masu miƙewa ya fara, sanda a tsaye, sanda a kwance. Yana cewa, "Daga sama, kamar saukar guga." Sai masu zagaye, wanda ya ce musu ƙwan kifi ne, a fara daga ka a zagayo a rufe kada ɗan ya fita. Sai a haɗa sanda da ƙwai, wani cikinsa a gaba, wani a baya. Masu jirkicewa, waɗanda suka yi kama da gwafa da haƙoran zarto, ya ce su ne ƙarshe, sai hannu ya nuna. Yatsa tukuna, sai karan kacalla a riƙe shi kamar fensir, sai alli, sannan takarda. Yaron da hannunsa ya ƙage, sai ya sa shi murza laka ko tsinke ƙaiƙayi daga shinkafa. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa yaro hannu ba, ko da wanda ya watsa wa ɗan'uwansa yashi a ido. Ni da ni ce da na ɗaga.

Yelwa ta haukace da abin. Ba ta bar tsakar gida ba, ba ta bar toka a murhu ba, har garin tuwo na kama ta tana ja wa layi. Wata rana ta ja ni ta nuna mini abubuwa uku a ƙasa da gurbi biyu, ɗaya a farko ɗaya a ciki. Ta ce sunanta ne, amma da saura, biyun da suka rage masu jirkicewa ne, Malam bai kai su can ba tukuna. Na ce to ke yanzu rabin mutum ce ke nan. Ta ce ni da ko guda ba ni da shi fa? Na kai mata duka da muciya ta ruga. Amma kullum sai ta zana ukun nan ta bar gurbin, ta tsaya tana kallo.

Damina ta yi nisa, ana gab da hutu, sai ga Garba. Garba masunci ne kuma manomin fadama, mutumin kirki, sai dai bakinsa ba shi da murfi. Ya zo ɗaukar ɗansa, ya tarar da Malam durƙushe yana shafe yashi yana ɗige-ɗige. Suka gaisa. Malam bai ko ɗago ba, hannu na cikin yashi, ya tambaye shi ko har yanzu injin ban-ruwansa da buhunan shinkafar rani suna bukkarsa ta fadama. Garba ya ce suna nan. Malam ya ce ya kwashe su ya hau da su tudu kafin Juma'a, ruwa na tafe. A rediyo ya ji da safe, an ce an tafka ruwa a can saman kogi, zai cika. Sai dai bai ce a rediyo ya ji ba. Kalma uku ce kawai da za su rufe magana, bai faɗe su ba, hankalinsa na kan cikin harafin wani yaro da ya juya baya.

Garba ya kalli yatsan, ya kalli ɗigon, ya tafi ya kwashe kayansa. Ruwa kuwa ya zo. Ya shanye fadama har gindin gorubar da muke auna shi da ita, ya tafi da injina da taki da buhunan mutane da dama. Na Garba suna ɗaki a bushe.

Da Garba ya yi shiru da shi ke nan. Ina! A majalisa, a bakin ruwa, a kasuwar Kirikasamma, ko'ina sai ya ba da labarin malaminmu da ya duba ƙasa ya ga ruwa. Yabo yake yi har ga Allah. Ya kai masa bandar kifi cikin kwando. Malam ya ce masa ai a rediyo ya ji, Garba ya kashe ido ɗaya ya ce, "Na gane, Malam, a rediyo." Ya tafi yana ƙara wa mutane cewa ga shi da ɓoye baiwa.

Aka dawo hutu, gari ya rabu biyu, kuma duka ɓangarorin a kansa suka faɗa. Masu so suka fara sallama a makaranta. Wani makiyayi ya taso tun daga wajen Baturiya, karsanarsa ta ɓata. Wata mata mijinta ya tafi kudu ya daina kiran waya. Suna zuwa su tsuguna a bayan yara suna jiran a tashi, su ce a taimaka a duba musu. Malam ya yi bayani, ya yi rantsuwa, rannan har ya kori wani da tsawa, mutumin ya tafi yana cewa lallai sai an zo da abin hannu mai nauyi. Masu ƙi kuma, samarin da suka yi karatun addini a waje suka dawo, suka ce shirka ce ake ɗura wa yara tun suna ƙanana, ana koya musu bugun ƙasa da sunan boko. Kuma ba su ƙirƙiro ba, Garba ne shaidarsu. Liman Safiyanu, dattijo mai sanyin hali, ya yi nasiha a masallaci a kan masu zuwa wurin duba. Bai kama suna ba. Ba ya buƙata, kowa ya waiwaya ya kalli dogon mai hula a sahu na biyu.

Yara suka fara raguwa. Yau babu uku, gobe babu biyar. Dama lokacin korar tsuntsayen jan-baki ne a gonakin da suka tsira, uzuri a shirye yake. Iyaye mata suka karɓe murafunsu suka wanke da toka. Sai ga shi har cikin gidana. Ɗana Sunusi, uban Yelwa, mai tuƙa jirgin fito, ya ce ba za ta ƙara zuwa ba. Na ce kai Sunusi, ni na haife ka, na san iyakar hankalinka, yaushe ka zama mai fatawa? Ya ce shi bai ce malamin na duba ba, amma mutane suna shiga jirginsa suna maganar, ba zai so a nuna 'yarsa a ce ga ɗalibar boka ba. Na yi masa tas. Ya sunkuyar da kai ya sha faɗan har ƙarshe kamar ɗan kirki, ya tashi bai canja ba. Halin ubansa ne, Allah ya jiƙansa.

Na je na sami Malam a inuwar maina da 'yan yaran da ba su kai yatsun hannu biyu ba. Ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo. Na ce masa abu biyu ne, ya zaɓi ɗaya. Ko ya ɗauki yashinsa da ɗan goro ya je zauren Liman, su biyu kawai, ya durƙusa ya nuna masa, ya roƙe shi ya zo makaranta ya sa albarka, in ya so ya ja bismilla da yatsansa a cikin yashin kowa ya gani. Ko kuma ya bar yashin, ya kwaɓa laka ya shafe a katako yara su ja da tsinke, tunda ba a taɓa jin mai duba da laka ba.

Ya ce laka tana bushewa, kuma ba ta shafuwa da hannu ɗaya, ba daidai take da yashi ba. Zancen Liman kuwa, ya ce in ya je da goro yana roƙo, ya amsa laifin da bai yi ba ke nan. Idonsa ya yi ja. Ya ce shi da yake sallah a bayan mutumin nan kullum, a ce sai ya je ya wanke kansa daga shirka?

"Ba wanka za ka je ba, gaisuwa za ka je," na ce. "A garin nan ko sabon irin shinkafa aka kawo sai an fara kai masa ya taɓa."

"Gaskiya ba ta buƙatar goro, Iya."

"Ita ba ta buƙata. Kai kana buƙata."

Ya ce zai yi abin da ya fi haka, zai sa hedimasta ya tara iyaye duka ya yi musu bayani a fili. Na ce kada ya yi. Mutum ɗaya a zaure yana iya sauya ra'ayi ba wanda ya gani, amma a gaban jama'a kowa tsare girmansa yake. Ya yi murmushin nan nasa na wanda ya je kwaleji.

Ban zauna ba. Na je gidan Liman da kaina ta wajen matarsa, ƙawata ce tun muna 'yammata. Liman ya saurare ni ta bayan labule. Ya ce shi ma zuciyarsa ba ta ba shi yaron na duba ba, amma ba zai tashi ya bi shi makaranta ba alhali shi bai taɓa kawo masa maganar ba, samarin nan za su ce ya goyi bayan abin da bai bincika ba. Ya zo, in ji shi, ƙofa a buɗe take. Na kai wa Malam wannan saƙo da zafinsa. Ya ce to, bayan taro.

Aka yi taron da hantsi a filin makaranta, maza a gaba, mu mata a gefe ta bayan katanga. Malam ya tashi da farar riga. Ya yi magana mai tsawo a kan jijiyoyin yatsun yaro da abin da masana suka ce, yana jefa Turanci, mutane suna kallon maina. Da ya ga ba a bin sa, sai ya ce bari ya nuna. Na dafe kai. Ya jawo faifan nan nawa, don Yelwa ta bar shi a aji, ya zuba yashi, ya durƙusa a gaban dattawan gari. Ya yi bismilla, ya shafe da tafin hannu, ya fara ɗiga ɗigo a jere.

Na gaba suka ja da baya. Garba kuwa ya miƙe tsaye, fuska cike da murna, ya ce, "Yawwa! Wallahi haka ya yi ranar. Malam, faɗa musu me ka gani."

Wasu suka tuntsire da dariya, samarin suka tashi suna a'uziyya suna kaɗe riguna, Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Malam yana durƙushe da yatsa a yashi yana cewa ku tsaya ku ga, harafi ne zai fito. Ba wanda ya tsaya ya ga an haɗa ɗigon. Na leƙa ta kan katanga na gaya wa Garba abin da ba zan maimaita a nan ba.

Bayan wannan ya je wurin Liman, ba goro, ba yashi, sai ɓacin rai. Liman ya karɓe shi da mutunci, ya ce ya yarda da shi, amma yanzu magana ta fi ƙarfin zaure, a bari ta huce. Ya watsar da yashin, ya sayo littattafai da fensira da kuɗin aljihunsa, ya bi gida-gida yana nuna su. Ana ce masa to, Malam, Allah ya kai mu. Yaran ba su dawo ba. Da na ofis suka zo zagaye a jirgi, yara huɗu suka tarar a aji, biyu ma 'ya'yan hedimasta ne. Ba su yi faɗa ba, sharaɗi ne dama. Aka ba shi wata makaranta can bakin titi.

Ranar da zai tafi ruwa bai janye ba, sai ta jirgi, jirgin kuma na Sunusi ne. Na bari sai da aka ɗora babur da katifa, sannan na kamo hannun Yelwa muka gangara bakin ruwa. Akwai mutane, masu fito da masu wanki da masu jiran kifi. Malam ya hango mu, ya zaro faifan daga cikin kayansa ya taho da shi, wai yana neman wanda zai ba ya kawo mini.

Ban karɓa ba. Na ce ba zai taka jirgin nan ba sai ya cika wa yarinyar nan sunanta. Sunusi ya ce, "Iya, don Allah, mutane na jira." Na ce su jira, ni na jira ka wata tara. Ya duba jama'a, ya duba ni, ya kafa gorarsa a laka ya juya mana baya yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

Malam ya ajiye faifan a gefe. Na ga yana satar kallon mutane, abin da bai taɓa yi ba sai da lokacinsa ya wuce. Sannan ya tattare riga ya durƙusa a jiƙaƙƙen yashin bakin ruwa. Yelwa ta zana ukunta ta bar gurbi biyu. Ya shafe gefe, ya ɗiga mata ɗigo. Na farkon ya ce gwafa ce, rassa biyu su gangaro su haɗu, sai ƙafa. Ta yi, ta karkace, ta shafe da kanta ta sake. Na biyun ya ba ta wuya, sauka, hawa, sauka, hawa, tana ƙara haƙori ɗaya kullum. Bai gaggauta ta ba, ko da wani a jirgi ya fara tsaki. Ya kama yatsanta da karkataccen hannun nan nasa suka bi tare, sannan ya saki. Ta yi shi ita kaɗai. Ta koma ta cike gurbin biyu, ta karanta da ƙarfi, ta kalle ni kamar na ci bashinta.

Wata mai wanki ta matso tana leƙe, ta tambayi ta kusa da ita ko me ya gani. Na ji, shi ma ya ji. Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ajin dai an rufe shi, har yau ƙananan suna bayan ajin hedimasta suna cin ƙuda, kuma waɗanda suka janye 'ya'yansu su ne suka fi kowa ƙorafin gwamnati ta manta da mu.

Ya sake miƙo mini faifan, yana cewa in yafe masa, Iya. Na tura masa shi a ƙirji.

"Tafi da shi, ba ya rufe fura yanzu. In ka isa, gidan limaminsu za ka fara kai shi kafin aji, da goro. Kuma ko da idonka ka ga ruwa na tahowa, in an tambaye ka, ka ce ba ka sani ba."